Grema mai tantuna tara

Kafin rikici Grema ɗan rakiya ne. Baƙin da ke son ganin tuddan yashin Tal ko tsuntsayen bakin Komadugu shi suke nema a Diffa. Ya loda musu tantuna da gadajen naɗewa da jakunkunan goyo a bayan mota, su yi kwana huɗu ko biyar a daji, ya dawo da su lafiya. Tanti tara gare shi, babu sabo ko ɗaya. Wasu baƙi ne suka bar masa, wasu a gwanjon Damagaram ya samo. Duk dawowa sai ya baje su a tsakar gida ya karkaɗe yashi, ya goga wa zif kyandir, ya bi kowane ɗinki da yatsa. Matarsa Meram takan ce gidan na tantuna ne, su ƴan raɓe ne kawai.

Wani baƙo ya taɓa cewa zai aiko masa da sababbi ya zubar da waɗannan. Grema ya ce, "To waɗannan me suka yi? In na jefa su bola akuyar wani ce za ta ci ta kumbura. Ka aiko min da zare mai ƙarfi, ya ishe ni."

A 2015 harbi ya iso Bosso, ya iso Diffa, baƙi suka ɗauke ƙafa. Sai ga jama'a daga ƙauyukan bakin kogi da tsallaken iyaka sun zube a gefen kwalta, kowa ya ɗaura zane a reshen aduwa yana kiransa ɗaki. Grema ya je ya gani, ya dawo bai iya cin tuwo ba. Washegari ya fara fitar da tantunansa a amalanke, tunda an hana babur. Duk wadda ya kafa wa sai ya tsaya ya yi mata bayani: kada a hura wuta kusa, kada a naɗe shi da danshi, in ya ɗan yage a aiko masa tun bai yi baki ba. Takwas suka tafi a haka. Daga baya ƙungiyoyi suka raba tamfol, rana ta cinye shi cikin ƴan watanni. Shi kuwa ya riƙa bin sansani da basilla, yana yanke inda ya mutu, yana haɗa biyu su zama ɗaya.

Na taran ya ɓoye shi a ƙarƙashin gado. Ƴarsa ɗaya tilo, Ummusalma, tana auren Ishaku, manomin tattasai a wajen Toumour, su ma gudu ya dawo da su gidan Grema. Da aka ce ƙura ta ɗan lafa, Ishaku ya koma ya yi shuka. Lokacin tsinka ya zo, Ummusalma ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ka ara mana tantin nan. Kwana goma ne, mu tsinke mu shanya mu dawo."

"Mijinki ya tafi, ke ki zauna."

"Hannu biyu ba za su iya ba, Baba. In muka bari ya lalace, me za mu ci bana?"

Kwana biyu yana ƙi. A na uku ya jawo tantin da kansa, ya sake ɗinke bakinsa, ya nuna mata yadda ake kafa turaku a ƙasa mai laushi.

Rana ta shida, da la'asar, wani maƙwabcinsu na gona mai suna Gajere ya shigo gidan ba takalmi. Ya ce mutanen daji masu bindiga sun fito musu tun da hantsi. An harbe Ishaku a kan tabarmar shanya. Mata huɗu an tsallaka kogi da su, har da Ummusalma. Meram ta faɗi a nan. Grema bai yi kuka ba, ya dai riƙa tambayar Gajere ko ƴarsa ta samu ta ɗauki mayafinta.

Wata biyar bai taɓa basilla ba. Masu kawo gyara su yi sallama su gaji su koma. Da ya soma fita, wajen da ake rubuta sunayen waɗanda suka kuɓuto yake zuwa, ya tsaya a bakin ƙofa yana duba fuskoki. Wata mata ta ce ta ga mai irin sunan a wani tsibiri da goyo a bayanta, amma ba za ta rantse ba. Wata ta ce ba ta taɓa jin ta ba.

Meram ce ta matsa masa ya koma aiki, don ta ga zaman na neman kashe shi. Idonsa ya yi rauni yanzu, ita ke zura masa zare. Yana zama a zaure da tamfol a cinya, kuma duk wanda ya shigo, kafin ya duba yagewar, sai ya tambaye shi daga wane gari ya fito, da wa da wa ya gani a hanya.