Ranar Da Muka Lulluɓe Kwamfuta Da Jiƙaƙƙen Buhu

Ko zan manta da komai, ba na jin zan manta da hantsin wata Laraba cikin bazara, lokacin da na kunna kwamfutar makarantar Babanmu na ga lambobi sun yi jajawur a kusurwar allo.

Sai na faɗi abin da ke cikinta kafin a gane tsorona. Kakanmu malami ne, ya bar littattafai na rubutun hannunsa cikin wata adaka. Da na gama sakandare Baba ya ɗora mini aikin ɗaukar hotonsu shafi-shafi ina zubawa a kwamfuta. Wata huɗu na yi ina fama. Damina na zuwa ɗakin ya yi yoyo, gara ta shiga adakar ta cinye fiye da rabi. Daga nan cikakken rubutun Kaka ya zama babu shi ko'ina sai cikin baƙin akwatin kwamfutar nan. Baba ya sayo mini filash ya ce in kwafe komai in ajiye daban. Na ce to. Bayan mako biyu ya tambaya, na ce na yi. Ban yi ba. Filashin yana ƙasan jakata, ko ledarsa ban ɓare ba.

Kwana uku kafin wannan Larabar yayana ya zo daga Kano, ya sabunta wa kwamfutar tsarinta, ya sa wata 'yar manhaja mai nuna lafiyar inji, ya koma. Ita ce ta yi jan nan. Zafi digiri ɗari da ashirin da bakwai. Gudun fankar cikinta sifili. Ƙarfin wutar da ya kamata ya nuna sha biyu yana nuna uku da wani abu. Abu ɗaya na tuna daga makaranta, a digiri ɗari ruwa ke tafasa. Na fizge wayar wutarta daga bango. Na kira yayana, wayarsa a kashe. Baba kuma ya tafi ta'aziyya Kutama.

Inna ta same ni ina kai-komo a tsakar gida.

"Ke lafiya kike zarya kamar kazar da za ta yi ƙwai?"

"Inna, kwamfutar ce za ta kama wuta, kuma littattafan Kaka na ciki."

"To abin da ya yi zafi ai sanyaya shi ake yi."

Ta ɗauko buhun da muke naɗe jarkar ruwa da shi lokacin azumi, ta tsoma a randa, ta matse sama-sama. Ni da na yi kimiyya har aji shida, ni na riƙe mata gefe ɗaya muka lulluɓe akwatin. In tsoro ya shiga kai, karatu tashi yake ya ba shi wuri. Sai da na ga ruwa yana ɗiga ta 'yan ƙofofin iskar nan na sama hankalina ya dawo, na yaye buhun.

Inna ta yafa mayafi muka hau mota daga Dugabau zuwa Gwarzo, akwatin a cinyata. Duk ramin da motar ta faɗa, a ƙirjina nake jin sa.

Mai gyaran wani magidanci ne mai tabarau, shagonsa bayan tasha. Suka gaisa da Inna, gida da gajiya da zafi, ni kuwa kamar in tsinka gaisuwar. Ya ɗora hannu a kan akwatin, ya dubi tafinsa.

"Hajiya, wanka kuka yi mata?"

"Zazzaɓi take yi, Malam. Abin da ake yi wa mai zazzaɓi muka yi mata."

"Kun kunna ta bayan wankan?"

Na ce a'a.

"Alhamdu lillahi. Da kun kunna, da yanzu gaisuwar rashi muke yi."

Ya kwance ta, ya nuna mini babban koren faifan da komai ke manne a jikinsa, madabod ya ce sunansa. Ga ɗigon ruwa a gefensa, ga wani a kan ƙarfen da hotunan ke ajiye ciki. Ya goge, ya hura musu iska, ya jera su gaban fankar shagonsa, ya ce ba zai jona komai da wuta ba sai sun bushe ƙarau.

Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. In zauna a benci, in tashi, in leƙa, in je bakin tasha in dawo. Inna ta sayi yalo ta miƙo mini, na kasa gatsa. Muka yi azahar a gidan da ke maƙwabtaka da shagon, a nan na faɗa mata maganar filashin. Ta daɗe tana jan carbi kafin ta ce, "Wannan kuma tsakaninki da ubanki."

Bayan la'asar ya harhaɗa komai, ya yi bisimilla, ya kunna yana ta danna wani maɓalli. Wani shuɗin shafi ya fito. Ya ce nan ne madabod ke faɗin halin da yake ciki da bakinsa, ba ɗan aike. Zafi arba'in da ɗaya. Wuta sha biyu daidai. Fankar cikinta kuwa ga ta ina kallo da idona tana juyawa.

Na ce, "To jan nan fa, Malam?"

Ya ce akwai 'yan na'urori a jikin faifan masu auna zafi da wuta da gudun fanka, amma ba sa magana da allo sai ta bakin tafinta, wata ƙaramar manhaja da suke kira direba. Da yayana ya sabunta tsarin, tsohon tafintan ya daina jin yarensu, in aka tambaye shi sai ya jefo lambar da ta zo masa. Ya sa wanda ya dace, lambobin suka koma kore ɗaya bayan ɗaya.

"Da safe da kika ɗora hannu a jikinta, me kika ji?"

Ban taɓa ta ba. Ko kunne ban kasa na ji ƙarar fankar ba.

Ya buɗe ma'ajiyar hotunan. Ga rubutun Kaka, baƙar tawada da jan wasali, shafi na bin shafi. Agogon bangonsa na nuna biyar saura kwata lokacin da ya ce, "Kin tsira, 'yata. Ba abin da ya taɓu." Nan take na laluba ƙasan jaka, na ɓare ledar filashin a gabansa na miƙa masa ya kwafe hotunan, Inna ta kau da kai.

Na koyi in taɓa abu da hannuna kafin in gaskata lambar da ke kan allo. Amma babban darasin ba shi ne ba. Da na kwafe hotunan ranar da na ce wa Baba na yi, da jan nan bai wuce in kashe kwamfuta in jira yayana ba. Kalmar "na yi" ita ta riƙe wancan gefen buhun tare da ni. Tun daga ranar ba ta fita daga bakina sai hannuna ya riga ta.