Shelar Da Aka Yi A Kaina

Mai unguwarmu ya saka ni cikin kutare alhali bai taɓa tsayawa ya dubi fatata ba. Ban yafe masa ba. Ya daɗe da mutuwa, na je gaisuwa saboda matarsa mutuniyar kirki ce, amma wannan magana ba ta bi shi ƙasa ba, tana wurina. Da na shiga lakwal ta manya, makarantar yaƙi da jahilci, furfura ta riga ta cika mini kai, malaminmu, mushe, ya tambaye mu me kowa ke so ya rubuta in hannunsa ya faɗa. Wasu suka ce wasiƙa. Na ce ni ƙara gare ni. Ga ta.

Ciwon ya fara mini bayan rasuwar mijina. Ya fito a gwiwar hannu, ya sauka a gwiwar ƙafa, ya hau tsakar kai da bayan kunne. Fata ta yi kauri ta yi duhu, sai wani farin ɓawo ya rufe ta kamar an barbaɗa toka. In na tashi daga tabarma sai na kakkaɓe ta. Ƙaiƙayi kuwa, Allah kaɗai ya san shi. In na sosa ɓawon ya fita, jini ya tsattsafo, kwana biyu ya komo. Lokacin ɗari ya tsage, da bazara ya ɗan lafa. Sai bayan shekaru masu yawa wani anfirme, malamin asibiti, ya rubuta mini sunansa a kaye, littafina na rubutu, soriyazis, ya ce ba a ɗaukarsa, ba ya cin yatsa, kuma ba ya warkewa. A wancan zamani ba shi da suna. Wani ya ce kirci, wani ya ce sammu.

Ina zaune da gwaggona a Zango, mutuniyar Gidimuni ce, ita ta koya mini man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Sana'ar nan ta hannu ce. Da hannu ake murje gyaɗa, da hannu ake matse tunkuza har mai ya kwanta, da hannu ake murza ƙuli. Da ita muke ci mu biyu. Duk wanda ya sayi ƙulina ya san hannuna ya shiga ciki.

Gwaggo ta so ni, kuma son nan ne ya kai ni wurin wanzami. Ta ce mataccen jini ne, a fitar da shi. Ya yi mini tsaga a baya da damatsa, ya kafa ƙaho. Bayan mako biyu kowace tsaga ta zama sabon tabo, a jere, layi-layi kamar kunyar gero. Muka koma, ya duba ya ce alhamdu lillahi, ciwon ya sami ƙofa yana fita, a ƙara. Aka ƙara. Gwaggo kuma ta aika gida aka kawo mata kanwar tafki, tana dirje ni da ita da soso har sai na ga wuta. Mu duka mun ɗauka duk maganin da bai yi zafi ba, ba magani ba ne. Haka abin ya sauko har bayan hannuna, inda mayafi ba ya rufewa.

Ba a daɗe da ɗauke gwamnan Nasara daga Damagaram an kai shi Yamai ba, sai kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya aiko cewa likita zai duba kutare, kowane mai unguwa ya kawo nasa. Namu bai zo gidanmu ba, bai aiko a kira ni ba. Ranar kasuwa, ina zaune bayan tukunyar mai, sanƙira ya shigo da ganga yana kiran sunaye. Ya kira nawa, ya haɗa da sana'ata don kada a ɓata, wance mai ƙuli ta gidan wance. Wata mata tana tauna ƙulina a lokacin. Na ga ta juya ta tofar, ta goge baki da gefen zane. Shekara huɗu tana saye a wurina.

Daga ranar ko ludayi ɗaya ban sayar ba. Man ya zauna har ya fara wari. A rijiya aka ce in zo da gugana. Gwaggo ta ɗauki kayan ta fita da kanta, aka ce mata ai an san hannun da ya matse.

Ranar dubawa gardi, dogaran kumandan, suka jera mu a inuwar katangar gidan likita. Na tsaya nesa da sauran, na ja mayafi, ina hura hanci. Ba zan ɓoye wannan ba. Wata tsohuwa da ba ta da yatsu sai dungu ta dube ni ta yi dariya.

"Ke amarya, matso mana. Ko tsoro kike mu shafa miki?"

Na ce, "Ni ba irinku ba ce, Iya."

"To bari in gani, mu ne malaman abin." Ta ture mayafin da dungunta, ta kai ido kusa. "Yana ƙaiƙayi?"

"Kamar in yage fatar."

"Kina jin zafi in ya tsage?"

"Ƙwarai."

Ta juya ga ƴan'uwanta ta ce, "Ku ji mai arziki, tana jin zafi! Ni jiya na ɗauki garwashi sai da na ji ƙauri na sani." Suka kwashe da dariya. Ta ce, "Ke ba tamu ba ce, ƴar nan. Amma wane mara imani ya yi miki wannan zane a baya?"

Na ce wanzami ne.

"Ki bar zuwa. Fatarki ba ta son aska, ba ki ga duk inda ya yanka nan ya tsiro ba? Ki bar kanwa, ki bar soso. Ki jiƙa wurin da ruwan ɗumi har ɓawon ya yi laushi da kansa, kada ki ɓanɓare, ki shafe da man kaɗe tun ba ki bushe ba. Ki yanke farce. Mun fi kowa sanin fata, ita ce ta rage mana."

Kunya ta kama ni har na kasa yi mata godiya yadda ya kamata. Duk garin nan ita ce ta fara duban jikina kafin ta yi magana a kansa.

Da aka kira ni ciki, likita ya sa aka ɗaure mini ido da ƙyalle. Ya taɓa tabon da auduga, tafinta ya ce in faɗi in na ji. Na ji. Ya soka allura, na zabura na ce, "Kai, uwarka!" Tafinta bai juya wannan ba. Likita ya kankare ɓawon da farce, ya matsa jijiyar gwiwar hannuna, ya yi ƴar magana yana wanke hannu. Tafinta ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ya ce ba kuturta ba ce. Tafi gida."

Na ce, "Malam, fito waje ka faɗa da ƙarfi."

"Hajiyar gari, akwai mutane bayanki."

"Da ganga aka kira ni. Da raɗa za a sallame ni?"

Gardi ya kama kafaɗata ya fitar da ni.

Ban bi ta gida ba. Na tarar da mai unguwa a zaure da mutanensa bayan la'asar. Na durƙusa na gaishe shi yadda ake yi, don kada a ce ta nan na ɓata. Na ce, "Ranka ya daɗe, likita ya ce ba ni da kuturta. A sa sanƙira ya koma kasuwa ya faɗa."

Ya ce, "Madalla, Allah ya ƙara sauƙi. Ai magana ta ƙare."

"Ba ta ƙare ba. Ba mai sayen maina."

"Ke yarinya, ina kika taɓa jin an yi shela an komo an warware ta? Gobe in na aika da wata, wa zai saurara? An ce in kawo masu ciwon fata, na kawo. Ki yi haƙuri, mutane za su manta."

"Kafin su manta me za mu ci, ni da tsohuwa?"

Wani daga cikin na zaune ya ce, "Rufe hannun dai tukuna, muna cin goro." Aka yi dariya. Mai unguwa bai hana su ba.

Na miƙe ban yi sallama ba. Kafin in kai gida duk jikina ya ɗauki ƙaiƙayi, domin ciwon nan yana son ɓacin rai kamar yadda wuta ke son kara. Gwaggo ta ɗauko kanwa. Na ce ta mayar. Na ɗumama ruwa, na jiƙa tsumma na ɗora, na zauna ina cije haƙori don kada in sosa. Ɓawon ya saki da kansa, babu jini. Na shafe da man kaɗe. Tun ranar haka nake yi safe da yamma, in sami ranar hantsi ta ɗan taɓa ni, in yanke farce, in guji duk mai aska. Bai warke ba, yana nan a gwiwata ina wannan rubutu. Amma ya ja da baya daga hannuna, kuma na san ranar da zai tashi kamar yadda manomi ke sanin hadari.

Gwaggo ta ce mu tattara mu koma Gidimuni, can ba wanda ya ji ganga. Na ce shela tana da ƙafa, kafin mu kai ta riga mu. Kuma ban saci kayan kowa ba da zan bar gari.

Da gari ya waye na soya gyaɗa kwano biyu. Na aza turmi a ka, gwaggo na biye da tukunya da itace tana salati. Ban nufi kasuwa ba. Na sauke a ƙofar gidan mai unguwa, daidai inda masu zuwa gaisuwa ke tuɓe takalmi. Na hura wuta, na cire mayafi na ninke, na ɗaure zane a ƙirji, na fara daka.