Dala Ashirin ɗin da Iya Ta Wanke

Kakata Iya Dije ƙosai take soyawa a unguwar Indénié. Tun tana da cikin babana suka zo Abidjan daga Gumel ita da kakana, ba ta sake komawa ba. Burinta ɗaya ne, ta tara kuɗin mota ta je ta ga ƙanwarta Hajo kafin ɗayarsu ta mutu.

Bayan magariba, a tsakar gidan hayarmu na Adjamé, sai ta jawo murhu da sauran garwashi, ta juye canjin ranar a faifai. Mu jikoki mu kewaye. Ba ƙirga muke ba, dubawa muke. Masu lafiya gefe, shafaffun da babu mai karɓa gefe. Abin nema shi ne "mai ciwo", wato kuɗin da tun wurin bugawa ya fito ba daidai ba. Wani mahauci ne ya gaya mata akwai ɗan Labanan a Treichville da ke sayen irinsu da tsada.

Sai in ɗaga ɗaya. "Iya, wannan fa? Ya lanƙwashe."

"Mota ce ta taka shi, mijin banza. Ba ka cefane, idon ma babu? Ciwon haihuwa muke nema, ba na titi ba."

Daga nan sai ta ce, "To ga ta can tafe, ku matsa mata." Tatsuniyar wani maƙeri ce da aka kama aka kai bayan teku, aka sa shi buga kuɗi. Bugunsa ba ya kuskure. Amma ranar da ya tuna garinsu sai hannunsa ya yi rawa, kuɗin ya fito a karkace. Irin wannan ba ya zama a aljihun ɗan gari. Yawo yake har ya sami baƙo, ya kai shi gida.

Ina ajin ƙarshe na firamare ta sami mai ciwon. Dala ashirin, wato sefa ɗari, hoton kifin jikinsa ya zame gefe, rabin bakin babu rubutu. Ya yi baƙi da dauɗa. Iya ta ce ita ba ta kai wa mutum kaya da datti, ko tukunyar aro sai ta goge take mayarwa. Toka, lemun tsami, soson ƙarfe. Ta dirje shi har yana ɗaukar ido.

Ta yafa mayafinta na salla, na raka ta saboda Faransanci. Ɗan Labanan ɗin ya sa gilashi, ya juya, ya sake juyawa.

"Na gaske ne. Wa ya wanke shi?"

Iya ta dafa ƙirji. "Ce masa ni."

"Maman, kin kashe shi. Duk ya karce. Da kin bar shi da dattinsa..."

Ban fassara ba. Ta gani a fuskarsa. A hanyar dawowa ta miƙa wa mai mota shi, shi ma ya ce ba ya karɓar karkatacce.

Shekara ba ta zagayo ba wani mai shanu ya zo da labarin rasuwar Hajo. Iya ta ci gaba da juye canji a faifai, amma babu tatsuniya, mu ma muka daina zama.

Yanzu gyaran waya nake a kasuwar Black. Na daɗe ina jin haushin ɗan Labanan ɗin nan, alhali gaskiya ya faɗa. Sau ɗaya sa'a ta zo mata, ta tarbe ta da abin da ta iya, shi ne kuma ya ɓata komai. Da ta rasu, a maƙabartar Williamsville muka binne ta. Na nemi wanda zan kira a Gumel in sanar, aka ce ba sauran wanda ya san ta.