Kifin Sajan Ba Ya Kwana da Yunwa

Shekarar da maigidana ya ajiye kakin soja muka dawo Zuru, sai da ya yi wata da watanni a kan kujera ƙarƙashin mangwaro, ba ya ce wa kowa uffan. Abinci ma sai na yi masifa yake ci. Abin da ya tashe shi daga kujerar nan shi ne ramin kifi. Da hannunsa ya haƙa a bayan gida, ya zuba 'ya'yan tarwaɗa, kuma tun daga ranar ya dawo mutum. Da sassafe yana can da kwanon abincinsu, yana fito, yana yi musu faɗa kamar kurata. Ni ba ruwana da kifi, ƙarninsa ma ba na so. Mijina ya dawo mini, shi ke nan.

Da damina ta yi nisa sai muka ji ciwo ya shiga ramukan kifi ta wajen garin Manga, kusa da mu. Ba a jima ba namu suka fara, yau ɗaya ya juya ciki sama, gobe biyu. 'Yarmu ta fari, wadda ke karatun kiwon kifi, tana gida hutu. Ita ta samo wani garin magani wurin likitan dabbobi, ta zaunar da mu. Ta ce wanda ya riga ya kamu ya tafi, wannan na kare sauran ne. Na ce to ba da allura ake rigakafi ba?

Ta ce, "Mama, wa zai bi kifi ɗaya bayan ɗaya da allura? Ko masu kiwon jatan lande a ƙasashen bakin teku, ta baki ake ƙoƙarin ba su rigakafi, a cikin abinci. Amma fa sai sun ci. Baba, ka ji? Yau kada a ba su komai, gobe su tashi da yunwa su wawashe."

Ya gyaɗa kai, ya ce ya ji.

Ni na yi kwaɓin. Na cuɗa garin da man ja don ya kama jikin abincin, na shanya a inuwa, na wuni ina korar kaji. Washegari muka watsa. Kifayen da ko tsakuwa ka jefa sai ruwa ya yamutse, sai ga su sun taso a hankali, sun ɗan taɓa, sun koma. Abincin ya yi ta yawo har ya jiƙe, man ya rabu ya kwanta ja a kan ruwa, maganin ya bi shi. Yarinya ta ce wataƙila ciwon ne ya kashe musu baki, a ƙara musu yunwa. Aka ƙara, na sake kwaɓawa, haka dai. Kwaɓi na gaba da shi garin maganin ya ƙare, likita kuma ya ce sai an aiko daga Birnin Kebbi.

Ranar na dawo daga taron matan coci da wuri saboda hadari. Na zagaya baya in kwashe shanya, sai ga mutumin a tsugune bakin rami da bokiti, yana watsa dafaffen hanjin kaji da dusa. Ruwa kuwa sai tafasa yake yi!

"Sajan! Me nake gani haka?"

"Ɗan kaɗan ne," in ji shi, ko waiwayowa bai yi ba.

"Kaɗan? Ashe kai ne! Muna fita kana cika musu ciki, mu kuma muna nan muna zuba magani a ruwa kamar mahaukata? Yarinya ta rasa barci tana tsammanin ita ta yi kuskure!"

Na faɗi maganganu ranar, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ya bari sai da na gaji, sannan ya ce, "Maman yara, kin taɓa kwana da kwanaki a daji ba ki sa komai a baki ba? Ni na yi. Tun lokacin na ce duk abin da ke ƙarƙashina ba zai kwana da yunwa ba. Suna jin takuna suna tasowa, baki buɗe. In ce musu me?"

Haushi ya ishe ni. Mutum ya yi shekaru yana bin umarnin waɗanda ba su san sunansa ba, amma umarni ɗaya tak na 'yar cikinsa ya gagare shi!

Kafin sabon magani ya iso, ba sauran wanda za a ba. Da kwando muka riƙa kwashe su muna binnewa a bayan gona, shi yana haƙa, ni ina toshe hanci ina mita.

Ya koma kujerarsa. In na ajiye tuwo ya ce ba ya jin yunwa. Ni da ba na son ƙarni, ni ce yanzu nake share ramin nan duk mako, ina cire ciyawa, ina yi da ƙarfi don ya ji. Kwanon abincin kifin ma na wanke shi na ajiye a gindin kujerar, inda ƙafarsa za ta taɓa. Har yau bai ɗauka ba.