Tumatirin Anti Adiza

Jama'a, da na ce ba zan faɗa ba, amma abin ya tsaya min a wuya!

Wata uku ina renon tumatir a bokitai nan unguwarmu Nima. Irin ma daga Agadas na kawo. Har na cika baki mun daina sayen na kasuwa. Har yau kore shar!

Ɗazu na leƙa bayan kicin ɗin maƙwabciyarmu, Anti Adiza. Tumatir jawur! Na ce, "Anti, yaushe kika shuka?"

Ta ce, "Shuka? Nan nake watsa ruwan wanke-wanke, da kansa ya fito."

Ta tsinko min uku, ta dubi bokitaina: "Alaji, naka irin wanda ba ya nuna ne?"