Farin Ɗigon da Ke Bayan Rikoto

Wata ranar Litinin a shekarar 2007, ina aji shida a firamare, Malam Ishaya ya shigo aji da wata takarda a naɗe a hammatarsa. Mun gama sharar fili ke nan, ko hannu ba mu wanke ba. Ya warware ta, ya manna a allo, ya ce wannan Zuru ce kamar yadda tauraron ɗan'adam ya hango ta daga sararin samaniya, a wani shagon intanet a Sakkwato ya sa aka buga masa. Muka yi caa a gaban allo. Ga titi siriri kamar zare, ga rufin kwanon kasuwa yana ƙyalli. Sai wani ya ɗora yatsa a kan wani farin ɗigo zagayayye, shi kaɗai a cikin duwatsun bayan unguwar Rikoto, inda babu gida babu hanya. Malam ya ce shi ma bai san ko mene ne ba.

Daga ranar aka daina langa da carafke idan an fita tara, sai gardama a gindin mangwaro. Nasiru, ɗan mai shagon yadi, ya rantse jirgin mutanen wata duniya ne ya sauka. "Wanga ba aikin ɗan'adam ba na," in ji shi. Yakubu, ɗan soja, ya ce makami ne aka ɓoye, babansa ya sani amma ba a faɗa wa farar hula.

Ni kuwa na san wurin. A hannun Kakata na tashi, kuma kowane rani mukan fere rogo, mu yanka, mu haura da shi a kwando zuwa wani falalen dutse. Kaka ta baza shi a zagaye don yin alabo, ni kuma in zauna da sanda ina korar awaki. Sai dai yarenmu na C'lela muke yi a gida, Hausata tana tuntuɓe, ana yi mini dariya, don haka ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. Ranar Laraba na kasa haƙuri, na ce rogon Kakata ne. Aji ya fashe da dariya. Nasiru ya ce, "Tauraro ya rasa abin ɗauka sai rogon kakarki?" Kafin a tashi an raɗa mini suna Alabo. Na yi kuka a bayan aji, na ƙudurta na gama da makaranta. Kwana biyu ina ce wa Kaka cikina ke ciwo.

Ranar Juma'a da yamma muna sussukar dawa sai ga Malam Ishaya a kan kekensa. Ya gaida Kaka, ya juyo gare ni. "Rifkatu, ban ce kin yi daidai ba, ban ce kin yi kuskure ba. Gobe ki kai mu mu gani."

Da safe muka kama hanya, rabin ajin na biye da ni. Malam na riƙe da takardar, yana nuna mana inda rafi ya lanƙwasa, da babbar ɗorawar da ta fito a hoton kamar baƙin tabo. Da muka haura sai ga Kaka a sunkuye, ga rogo fari fat a zagaye, daidai inda ɗigon yake. Nasiru ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe alabo na." Na bayyana wa Kaka komai da yarenmu. Ta gyara ɗankwali, ta ɗaga kai sama ta ce, "Wato duk shekarun nan ana leƙena ko sallama babu?" Har Malam sai da ya zauna don dariya.

A hanyar dawowa Yakubu ya gano wani dogon baƙin zane a takardar. Muka neme shi har rana ta take, ba mu ga komai ba. Malam ya zaro biro ya rubuta a gefensa, "Ba mu sani ba tukuna." Ranar Litinin ya tsayar da ni a gaban aji na yi bayani da Hausata mai tuntuɓe, babu wanda ya yi dariya. Sunan Alabo bai bar ni ba, amma daga nan da fara'a nake amsa shi.

Yanzu ni ma malama ce a Kaduna. Ɗalibaina suna buɗe irin waɗannan hotuna a waya, su yi ta musu kan wani haske kusa da wata ko wani tabo a hamada, kuma a kan kujera ake farawa, a kan kujera ake gamawa. Idan na ji su, nakan yi kewar ƙayar hanya da ƙishirwar wannan Asabar. Malam Ishaya ya rasu shekaru kaɗan bayan na yi aure, amma na samu na gode masa tun yana raye. Ya taka dutse da ƙafarsa saboda maganar yarinya ɗaya, kuma har yau ina cin moriyar wannan tafiya.