Inna Azumi Mai 'Yan Tsana ta Kurfi

Kafin Inna Azumi ta miƙe daga tabarmar sallah da safe, sai ta lallashi gwiwoyinta. Takan shafa musu man zafi, ta dafa bango, ta ce "Wash, ya Allah," sannan ta tashi. Ta haɗiye ƙwayar hawan jini, ta dama koko, ta leƙa ɗakin ɗiyarta Zaituna don ta ga da wace fuska ta kwana. In ta iske ta zaune tana kallon ƙofa, ranar da sauƙi. In kuwa ta juya wa ƙofar baya, Inna ta san yau ko zaure ba za ta taka ba.

Sai hantsi ya ɗaga take zama gindin itacen bedin tsakar gida, ta jawo kwandon ƙyallayen da teloli ke tara mata. Da wuya ka sami yarinyar da ta tashi a unguwarsu a Kurfi ba ta goyi 'yar tsanar Inna ba. Tana cusa musu auduga, ta yi musu kitso da baƙin zare, ta ɗaura musu kallabi, wata har da 'yan kunne. In yatsu sun gaji da allura ta koma saƙar faifai. Da wannan sana'a ta riƙe gida tun rasuwar mijinta, Malam Atiku. Matan kasuwa na yi mata kirari da "Azumi uwar 'ya'yan da ba su kuka." Ita kuwa takan ce, "Masu kukan na baro su gida."

Ba wasa take ba. Zaituna ta yi aure a Karofi lafiya lau, ta haifi Hafiza, bayanta ta haifi namiji. Yaron bai kai ga zama ba zazzaɓi ya tafi da shi, hankalin uwar kuma ya bi shi. Mijin ya yi iya haƙurinsa, daga baya ya maido ta gida tare da Hafiza. Zaituna ta riƙa fita neman jaririnta gida gida. Duk macen da ta gani da goyo sai ta bi ta tana ɗaga zane, har mata suka fara sakaya ƙofa in sun hango ta.

Ƙanen Zaituna, Kamilu mai acaɓa, shi ya kawo wa Inna shawarar dangi. Ya durƙusa, ya kasa kallonta.

"Inna, su Kawu sun ce a kai ta inda ake sa wa masu taɓin hankali mari. Jiya a bakin rijiya aka riƙo ta."

"Ban haife ta don ƙarfe ba," in ji Inna. "Ka ce musu in ɗauri ne, a ɗaure mu tare."

Abin da ta iya shi ta yi. Ta ɗinka 'yar tsana babba, wadda ba ta taɓa ɗinka irinta ba, ta cika cikinta da gero don ta yi nauyin jariri, ta sa mata rigar yaron da ya rasu, ta aje kan gadon Zaituna. Maƙwabciyarsu Nana Hadiza tana gidan, ita ta ba ni labari. Ta ce Zaituna ta daɗe tana kallon abin, ta ɗauka, ta jijjiga, sai ta jawo zane ta goya. Tun daga ranar ta bar bin matan mutane.

Inna ta san tsumma ba magani ba ne. Duk wata sai ta shiga mota da Zaituna zuwa asibiti a Dutsin-Ma, su bi layi, a karɓo ƙwayoyi. Sista Zipporah, ma'aikaciyar jinyar da ke duba su, ta ce da rani da damina tsohuwar ba ta taɓa tsallake ranar zuwa ba. Ta ce akwai lokacin da ta auna jinin Innar, ta ga ya fi na kowa hawa a layin, ta ce, "Mama, ke ya kamata a ba gado." Inna ta yi dariya ta ce, "Ɗiyata, in na kwanta wa zai tashi?"

Wadda aka manta a cikin wannan hidima ita ce Hafiza. Yarinya ce ƙarama, tana kallon uwarta tana yi wa tsumma wasa, ita kuwa ko sunanta uwar ba ta kira. A Islamiyya yara suka sa mata "yayar tsumma". Wata rana da azahar, Zaituna ta shiga wanka ta aje goyonta, Hafiza ta ɗauke shi ta cusa a murhu.

Ƙaurin gero ne ya fargar da Inna. Kafin ta rarrafo, Zaituna ta fito, ta ga rigar ɗanta tana ci da wuta, ta ƙwala ihu ta yi waje ba takalmi. Inna ta bi ta. Masu shaguna sun ga tsohuwa tana ɗingishi a gefen hanyar Dutsin-Ma cikin zafin rana, gyalenta na jan ƙasa, tana kiran "Zaituna, tsaya mani," har ta fice daga gari. Can wani ɗan acaɓa ya gane ta, ya kira Kamilu a waya. Ya iske su gindin wata ƙirya, uwa ta rungume ɗiya.

Da suka dawo gida, Kamilu ya karyo tsumagiya. Hafiza na maƙale bayan randa.

"Aje ta," in ji Inna. "Wannan ma marar lafiya ce, mu ne ba mu duba ba."

Ta kira yarinyar, ta ce, "Zo nan, ƙawata. Me 'yar tsanar ta yi maki?"

Hafiza ta fashe da kuka. "Ni uwata ba ta taɓa goya ni ba tun da muka zo."

Inna ta juya mata baya, ta ce hau. Yarinyar ta wuce goyo, ƙafafunta har suna taɓa ƙaurin kakarta, amma haka ta ɗaure ta da zane, ta dafa turmi ta miƙe, ta zaga tsakar gida da ita har kukan ya tsaya. Kashegari ba ta iya tashi ba. A kwance ta ɗinka wata 'yar tsanar, ta sa Hafiza ta zuba geron da hannunta, ta kuma miƙa wa uwarta.

Ke ce, Inna, kika riƙe gida da allura. Ke ce bangon da kowa ya jingina, ba wanda ya tambaye shi ko ya tsage.

Shekaru sun tura. Zaituna ba ta warke ba, amma ta samu sauƙi. Tana shara, tana tsince wake, wasu ranaku takan kira Hafiza da sunanta har ta tsefe mata kai. Inna kuwa yanar ido ta rufe mata gani. Bana ta bar zuwa kasuwa, don ba ta ganin kafar allura, ɗinkin ma da laluben yatsa take yin sa. Kamilu ya sha roƙonta a je a yi mata aiki, ta ce sai ta sami wanda zai zauna da Zaituna kwanakin jinyar. Har yanzu ba a samu ba.

Da na je gaishe ta, na ce ina so in rubuta labarinta mutane su ji, sai ta tsoma hannunta cikin kwando.

"Malam, in za ka rubuta, ka rubuta na gaji," ta ce. "Kowa sai ya ce Azumi ba ta gajiya. Wallahi ina gajiya. Ba ni da wurin aje kayan ne."

To, na rubuta, Inna. Kin gaji, mun kuma gode. Allah Ya saka maki da alheri, Ya ba Zaituna lafiya, Ya raya Hafiza ta ji ƙanki.

Mu kuma da ke karantawa, kusan kowace unguwa akwai gidan da tsohuwa ɗaya ke ɗauke da marar lafiya, muna wucewa muna cewa sannu daga ƙofa. Mu yi koyi da Inna Azumi, mu bar jefar da namu in hankalinsu ya taɓu. Wanda kuma ya san gidan irinta, ya shiga ya zauna mata wuni guda, ya ce ta je ta kwanta.